Waiwaye: Daren da Nasara 65 Ta Kasa Ceton Boston

Saura minti ɗaya a tashi wasan hokin ƙanƙara, Boston na gaban Florida da ci 3 da 2, a gidanta, a gaban mutanenta, daren Lahadi 30 ga Afrilu, 2023. Kocin Florida ya riga ya janye mai tsaron gidansa ya sako ɗan wasa na shida, ya bar raga a wangale, don dabara ta ƙare masa, ko a farke ko a haɗa kaya a koma gida. Sai Brandon Montour na Florida ya sami ƙwallo ya ɗirka, ta shige. Aka koma 3 da 3. Aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci shi ke da wasa. Bayan minti takwas da 'yan daƙiƙu Carter Verhaeghe ya saki wata, ta wuce mai tsaron gida Jeremy Swayman, filin TD Garden ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

A nan gida ƙarfe biyun dare ta wuce, ina riƙe da waya ina kallo, kuma abin da ya zauna mini a rai ya zo ne bayan an tashi. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka jeru suka gaisa hannu da hannu, kamar yadda al'adar wasan ta tanada. Daga nan kyaftin ɗin Boston, Patrice Bergeron, mai shekara 37, ya tsaya a bakin ƙofar fita, duk abokin wasansa da ya zo wucewa sai ya rungume shi. Da aka zo kan Brad Marchand, wanda suka shafe sama da shekara goma suna wasa kafaɗa da kafaɗa, rungumar ta daɗe, idanunsu duka sun kawo ruwa. Ko ba a faɗa ba, mai kallo ya san bankwana ake yi.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Na dawo kan wannan dare ne saboda ƙungiyar da ta faɗi a cikinsa ita ce wadda ta fi kowace ƙungiya tara nasara a kaka guda a tarihin gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Yadda irin wannan ƙungiya ke faɗuwa, da abin da wasu suka yi bayan irin wannan faɗuwa, akwai karatu a ciki har ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba.

Sai an fahimci tsarin gasar kafin a ji zafin abin. Mu da muka saba da firimiyar Ingila mun san cewa wanda ya fi tara maki a ƙarshen kaka shi ne zakara, magana ta ƙare. A NHL hanya biyu ce a jere. Da farko, a tsarin wancan lokaci, ƙungiyoyi 32 kowacce za ta buga wasa 82, daga Oktoba zuwa Afrilu, ana ba da maki biyu ga wanda ya yi nasara, maki ɗaya ga wanda aka doke a ƙarin lokaci. Wanda ya zo na ɗaya a wannan zango ana ba shi Kofin Shugabanni, amma ba a kiransa zakara. Sai a ɗebi ƙungiyoyi 16 a shiga zagayen fitar da gwani, a haɗa su biyu-biyu, su yi ta karawa da juna har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Zagaye huɗu ake yi, nasara 16 ke nan, kafin a taɓa Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa tun 1893, kuma ake zana sunayen waɗanda suka ci shi a jikinsa. Shi ne kofin da yaro ɗan Kanada ke mafarki tun ranar da aka fara ɗaura masa takalmin sulu. Makin da ka tara a wata shida, abin da zai saya maka kawai shi ne abokin karawa mai sauƙi a takarda, da damar buga wasan raba gardama a gidanka.

Boston ta sami duka biyun. A kakar 2022 zuwa 2023 ta ci wasa 65, aka doke ta sau 12 kacal a lokacin wasa, sau biyar a ƙarin lokaci, ta tara maki 135. Ba a taɓa yi ba. David Pastrnak shi kaɗai ya zura ƙwallo 61. Mai tsaron gidanta Linus Ullmark ya zama gwarzon masu tsaron gida na shekarar, kocinta Jim Montgomery ya zama gwarzon masu horarwa. Florida kuwa da ƙyar da jiɓin goshi ta kutsa cikin 16 ɗin, da maki 92. Tazarar maki 43 ce tsakaninsu. Bayan wasa huɗu Boston na da uku, Florida na da ɗaya, saura nasara guda ta wuce, kuma biyu daga cikin wasa ukun da suka rage a gidanta za a buga.

A wasa na biyar ne al'amarin ya juya, kuma cikin ƙiftawar ido. Ana 3 da 3, saura 'yan daƙiƙu a tashi, Marchand ya kuɓuce wa kowa, daga shi sai mai tsaron gidan Florida, Sergei Bobrovsky. Da ta shiga, da an gama, da babu wannan rubutu. Bobrovsky ya miƙa ƙafa ya tare. A ƙarin lokaci Ullmark, gwarzon shekara, ya fita bayan ragarsa ya yi kuskuren miƙa ƙwallo ga abokan gaba, Matthew Tkachuk ya jefa ta a raga. Florida ta ci wasa na shida 7 da 5, sannan aka zo daren da na fara da shi. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Bobrovsky ba baƙon irin wannan aiki ba ne. Shekara huɗu kafin nan, a 2019, shi ke tsaron gidan Columbus lokacin da aka haɗa ta da Tampa Bay, wadda ta ci wasa 62 ta tara maki 128 a kakar. A wasan farko Tampa ta zura uku ba ko ɗaya tun a zangon farko, kowa ya ɗauka an gama. Columbus ta farke, ta ci 4 da 3, ta ci na biyu, ta ci na uku, ta ci na huɗu 7 da 3. Ƙungiyar da ba ta taɓa tsallake zagaye ko ɗaya ba tun kafa ta, ita ta share zakaran maki ba tare da ta bari ya ci ko wasa guda ba. Mutum ɗaya ya tsaya a raga sau biyu, a ƙungiyoyi biyu, ya ga bayan biyu daga cikin kakannin wasa mafi kyau da aka taɓa yi.

Idan aka duba lissafi za a ga abin ya wuce a kira shi tsautsayin dare ɗaya. An fara ba da Kofin Shugabanni a 1986. Daga nan zuwa 2025 an ba da shi sau 39, kuma sau takwas ne kawai wanda ya karɓe shi ya haɗa da Kofin Stanley a shekara guda: Edmonton a 1987, Calgary a 1989, New York Rangers a 1994, Dallas a 1999, Colorado a 2001, Detroit a 2002 da 2008, sai Chicago a 2013. Daga kan Chicago har zuwa 2025, babu zakaran maki ko ɗaya da ya kai ko wasan ƙarshe. Shi ya sa magoya baya a can suke cewa kofin yana da baki, wanda ya ɗauke shi ya ɗauko wa kansa.

Ban yarda da wannan magana ba. Takwas cikin 39 kusan ɗaya cikin biyar ne, alhali ƙungiyoyi 16 ke neman kofi ɗaya. Zakaran maki ya fi kowa damar cin kofi, sai dai damar tasa ba ta kai yadda zuciya ke raya wa mai kallo ba. Kuma kiran abin da sunan baki ko camfi yana hana a yi tambayar da ta fi amfani: me wata shida na nasara ke ɓoyewa, wanda mako biyu ke tonawa?

A zangon tara maki, yau kana wasa a Toronto, jibi kana Detroit, gata ka karɓi baƙo a gida. Babu abokin karawar da ke da lokacin zama ya yi maka karatun ta-natsu. Idan mai tsaron gidanka yana da rauni ta gefe guda, ko masu tsaron bayanka suna rikicewa in an matsa musu a kusurwa, za a ci ka da shi sau ɗaya, gobe ka haɗu da wani wanda bai lura ba, gwanintarka ta rufe aibin. A zagayen fitar da gwani kuwa mutum ɗaya ne a gabanka har mako biyu. Masu horar da shi sun kwana suna kallon bidiyon wasanninka. Sun san wanda ke jin tsoron karo, sun san wanda ke ɗingishi, sun san ta inda kake fitar da ƙwallo daga gida. Duk inda bango ya tsage, nan ƙadangare zai shiga, kuma zai dawo gobe ta wurin. Florida ta gano cewa in aka takura wa 'yan bayan Boston tun a yankinsu sukan zubar da ƙwallo, ta yi ta bugun wannan wuri har ya buɗe.

Dokokin wasan ma suna sauyawa. A zangon tara maki, in an tashi canjaras, ana ƙara minti biyar ne da 'yan wasa uku-uku, fili ya yalwata, gwanaye su baje kolinsu, in ba a ci ba a je bugun daga kai sai mai tsaron gida. A zagayen fitar da gwani babu wannan. Biyar-biyar ne, minti ashirin-ashirin, a yi ta yi har sai wani ya ci, ko da za a raba dare. Fili ya ƙuntata, karo ya yawaita, ƙwallon da ake ci sau da yawa ba mai kyan gani ba ce, ta cunkoso ce a bakin raga. Ga shi kuma abin da ake bugawa ɗan faifan baƙar roba ne, wanda kan daki ƙafar wani ko bakin sanda ya sauya hanya. A wasa 82 irin wannan sa'a tana rabuwa daidai tsakanin kowa. A wasa bakwai, sau biyu ta juya maka baya ya isa. Sannan tun 2005 gasar ta ƙayyade iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe wajen albashin 'yan wasa, don haka tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na sha shida ba ta kai yadda teburin maki ke nunawa ba. Los Angeles ta shiga a matsayi na takwas a yankinta a 2012, ta fitar da zakaran maki Vancouver, ta ɗauki kofi. St. Louis ita ce ta ƙarshe a duk gasar a farkon Janairun 2019, amma a watan Yuni ta ɗaga kofi a cikin Boston.

Sai kuma jiki. Tun ƙarshen Maris Boston ta tabbatar da matsayinta na ɗaya, abin da ya rage kawai kafa tarihi. A wasan ƙarshe na kakar, a Montreal, wasan da ba zai ƙara mata komai ba a tebur, Bergeron ya ji rauni a ƙashin baya. Bai buga wasa huɗun farko da Florida ba, kuma da ya dawo bai dawo da cikakken ƙarfinsa ba. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin ɗan wasa irinsa ba a raba shi da fili cikin sauƙi. Amma abin ya nuna cewa ƙarfin da aka kashe a Afrilu ba ya dawowa a Mayu.

Inda na fi samun darasi shi ne abin da ya biyo bayan irin wannan faɗuwa a wasu wurare. A kakar 1995 zuwa 1996 Detroit, ƙarƙashin Scotty Bowman, ta ci wasa 62, sannan Colorado ta fitar da ita a zagaye na uku. Ba ta kori koci ba, ba ta watsa 'yan wasa ba. Ta gane cewa tana da gwaninta amma ba ta da mai tsayawa a bakin raga ya sha duka ya ci ƙwallo, sai ta sayo Brendan Shanahan a watan Oktoba, ta rabu da manyan 'yan wasa biyu saboda shi. A kaka ta gaba wasa 38 kawai ta ci, amma ta ɗauki Kofin Stanley, karo na farko tun 1955, ta sake ɗauka a 1998.

Tampa ma haka ta yi bayan abin kunyar 2019. An yi ta kiraye-kirayen a kori koci Jon Cooper, shugabannin ƙungiyar suka toshe kunne. Suka riƙe manyan 'yan wasansu Kucherov da Stamkos da Hedman da mai tsaron gida Vasilevskiy, suka nemo Pat Maroon da Blake Coleman da Barclay Goodrow, mutanen da ba a san su da yawan ci ba, amma ba sa gajiya da aikin wahala. A 2020 ƙaddara ta sake haɗa su da Columbus a zagayen farko. Wasan farko sai da aka yi ƙarin lokaci har sau biyar, sama da minti 150 ana fafatawa, mai tsaron gidan Columbus ya tare ƙwallo 85, kafin Brayden Point ya raba gardama. Ƙungiyar da shekara guda kafin nan ta rushe da zarar an farke mata ci uku, ita ce ta yi haƙurin wasa biyu da rabi a zama ɗaya. Ta ɗauki kofi a shekarar, ta maimaita a 2021.

Ita kanta Florida da ta kayar da Boston, daga wannan makaranta ta fito. Shekara guda kafin nan ita ce zakaran maki, da maki 122, kuma babu wanda ya kai ta zura ƙwallo. Da ta haɗu da Tampa a zagaye na biyu, ƙwallo uku kacal ta iya ci a wasa huɗu, aka share ta. Shugabanninta suka yi abin da ke da wuyar yi: suka rabu da Jonathan Huberdeau, wanda ya fi kowa haskakawa a ƙungiyar a kakar, suka karɓo Tkachuk daga Calgary, suka ɗauko Paul Maurice ya sauya salon wasan baki ɗaya. Makinsu ya ragu da 30, aka yi ta yi musu dariya. Bayan sun fitar da Boston sun kai wasan ƙarshe a 2023, Vegas ta doke su, sannan suka ɗauki kofi a 2024 da 2025, duka a kan Edmonton.

Waɗannan uku sun yi tarayya a abu ɗaya. Babu wadda ta ce nasarar wata shida ƙarya ce, ta rushe gida ta sake gini. Babu kuma wadda ta ce rashin sa'a ne kawai, ta koma ta kwanta. Kowacce ta ɗauki faɗuwar a matsayin labarin da abokin gaba ya kawo mata kyauta game da kanta, ta riƙe abin da ke da kyau, ta toshe ɓarakar da aka nuna mata, ko da toshewar za ta rage mata kwarjini a tebur.

Kada a fahimce ni da cewa yawan nasara aibi ne. Montreal ta kakar 1976 zuwa 1977 ta ci wasa 60, sau takwas kawai aka doke ta, kuma ta ɗauki kofi ba tare da wata wahala ba. Wasa 65 da Boston ta ci ma babu mai goge su. Fitowa fili sau 82, cikin sanyi da tafiye-tafiye da ciwuka, kana ba da haƙƙin kowane dare, wannan hali ne da ya cancanci girmamawa, kuma ina jin ciwo idan na ji ana yi wa irin wannan ƙungiya ba'a kamar ba ta yi komai ba. Abin da nake cewa shi ne jarrabawa biyu ce, kowacce da abin da take aunawa. Ta farko tana auna ƙarfinka gaba ɗaya. Ta biyu tana neman wuri mafi rauni a jikinka ta danna. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan ya shafe mu ko'ina muke. Ɗalibin da ke zuwa na ɗaya a aji shekara da shekaru yakan guje wa darasi guda da ke ba shi wuya, sauran darussan su rufa masa asiri, har ranar babbar jarrabawa da za a ce sai da wannan darasin. Ɗan kasuwar da ciniki ya buɗe masa ba ya duba littafin bashi, domin kuɗi na shigowa, sai ranar da kasuwa ta tsaya. Lokacin da komai ke tafiya daidai shi ne lokacin da ya fi wuya mutum ya saurari mai gaya masa aibinsa, kuma shi ne lokacin da gyara ya fi araha. Detroit da Tampa da Florida sai da suka sha kaye kafin su duba, kuma sun yi sa'a lokaci ya ba su dama ta biyu.

Ba kowa ke samun wannan dama ba. Bergeron ya yi ritaya a watan Yulin 2023, bayan kaka 19 duk a Boston, abokin wasansa David Krejci ya bi shi bayan 'yan makonni. Ƙungiyar nan ta nasara 65 ba ta sake haɗuwa ba. Marchand kuwa Boston ta sallama shi a watan Maris na 2025, kuma Florida ce ta karɓe shi. A wasa na biyu na zagayen ƙarshe, a Edmonton, cikin ƙarin lokaci na biyu, ya sake kuɓucewa, daga shi sai mai tsaron gida, kamar dai wancan dare. Wannan karon ta shiga, Bobrovsky yana can bayansa yana tsare masa gida. Bayan kwanaki ya ɗaga Kofin Stanley yana da shekara 37. Na yi masa murna, amma da na gan shi da kofin sai na tuna rungumar nan ta bakin ƙofa, da abokinsa da ya tafi gida ba tare da wata shekara ta gyara ba. Wanda yake kan nasara yau, ya nemi ɓarakarsa da hannunsa tun kafin wani ya nuna masa ita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.